Madatsun Ruwa Huɗu da Duhun Suleja

Duk wanda ya dubi taswirar Nijeriya da idon basira, ya lura da inda Allah ya ajiye garin Suleja, lalle zai yi zaton cewa in akwai garin da ya cancanci wadatuwa da wutar lantarki dare da rana a ƙasar nan, to wannan ne; domin ga shi a gindin Dutsen Zuma, a bakin ƙofar babban birnin tarayya, wanda shi ne ma ya sakar masa sunansa na Abuja bayan an zartar da shawarar tashi daga Legas a 1976, sa'an nan ga shi cikin Jihar Neja, wadda manyan madatsun ruwa huɗu na ƙasar suke cikinta ko bisa iyakarta. Akwai Kainji, wadda aka soma ginawa a 1964 zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka gama a 1968, mai ƙarfin megawat 760. Akwai Jebba ta 1985, mai megawat 578. Akwai Shiroro ta 1990 a kan Kogin Kaduna, mai injuna huɗu, kowane megawat 150. Ga kuma autarsu Zungeru, wadda kamfanonin ƙasar Sin suka kammala a 2023, mai megawat 700. In aka tara su sun haura megawat 2,600. Amma duk da wannan ni'ima, tela a Kwamba, da mai walda a Maje, da mai sayar da ƙanƙara a Madalla, kowannensu yana tsara yininsa ne bisa kalmomi biyu, an kawo da an ɗauke, kuma galibinsu ba su amince su buɗe shago ba sai da janareto a gefe da galan na fetur.

In ka tambayi mutane dalili, mafi akasari za su ce maka sakaci ne da rashin amana, kuma ba za a ce sun yi ƙarya ba, don akwai wannan. Sai dai ƙarƙashin mas'alar shugabanci akwai wata mas'ala ta ilmi, wadda in mutum bai fahimce ta ba, ba zai gane abin da injiniyoyi suke fama da shi ba, balle ya gane inda binciken zamani ya dosa. Mas'alar kuwa ita ce, lantarkin da ke bin waya ba ya ajiyuwa. A daƙiƙar da aka haife shi a Shiroro, a wannan daƙiƙar dole wani ya ƙone shi a fankarsa ko injin niƙansa, kuma a daƙiƙar da wani ya danna makunni a Rafin Sanyi, dole wani inji a wani wuri ya ƙara ƙoƙari gwargwadon abin da aka nema. Kusan dukan abin da masana suka shagala da shi a wannan fanni cikin shekarun nan yana komawa ga abu uku da suka tsiro daga wannan tushe guda: yadda za a daidaita mizani, da yadda za a auna abin da kowa ya sha, da yadda za a tanadi rarar yau domin gobe.

Asalin hikimar tsohuwa ce. A 1831 wani masani na Ingila, Michael Faraday, ya tabbatar da cewa in aka motsa maganaɗisu kusa da naɗin wayar jan ƙarfe, lantarki yakan gudana cikin wayar, kuma har yau duk manyan tashoshin duniya, ko na ruwa, ko na gas, ko na gawayi, bisa wannan ƙa'ida suke aiki. Bambancinsu kawai shi ne abin da ke juya maganaɗisun. A Shiroro ruwan da aka tare ne ake saki ta manyan bututu ya faɗa wa farfela da nauyinsa, farfelar ta juya sandar da ke ɗauke da maganaɗisu. Lantarkin da ke fitowa ba miƙaƙƙe ba ne, kai da komowa yake yi, kuma a Nijeriya an ƙayyade masa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya. To, a nan ne abin mamaki yake: dukan injunan da ke haɗe da layin ƙasa, daga Kainji har Egbin ta Legas, har tashoshin gas na bakin teku, wajibi ne su yi wannan kai da komowa tare, ba mai gaba, ba mai baya, tamkar mata masu lugude a turmi guda, waɗanda in ɗaya ta saɓa lokacinta sai taɓare su gwabzu, a watse. Idan masu jan wuta suka fi ƙarfin abin da ake samarwa, injuna sukan yi nauyi, juyinsu ya ragu ƙasa da 50; idan kuma wani babban layi ya katse, kaya ya ragu farat ɗaya, sai juyin ya zarce. Dokar layin ƙasa ta yarda da ɗan gocewa kaɗan ne, tsakanin 49.75 da 50.25, kuma in abin ya yi nisa ƙwarai, kowane inji yana da na'urar da za ta cire shi daga layi don kada ya lalace. Fitar ɗaya takan ƙara wa sauran nauyi, su ma su fita bi da bi, cikin 'yan daƙiƙoƙi ƙasa duka ta yi duhu. Wannan shi ne abin da gidajen rediyo suke kira durƙushewar babban layin lantarki, wanda ya auku sau da yawa a 2024.

Maganin wannan illa sananne ne ga masana, tsadarsa ce matsala. Na farko, a bar wasu injuna suna juyawa ba a cika musu kaya ba, domin su tari giɓi nan take. Amma ƙasar da injunanta a takarda sun kai wajen megawat 13,000, alhali mafi yawan abin da ta taɓa turawa kan waya shi ne megawat 5,801 a watan Maris na 2025, saboda ƙarancin gas da bashi da lalacewar injuna, da wuya ta haƙura ta bar inji yana juyawa ba ya cin kasuwa. Na biyu, a ba masu tsaron mizani idanu. Babban ɗakin kula da layin ƙasa yana Oshogbo, kuma abin da ake bukata shi ne tsarin da injiniyoyi suke kira SCADA, watau na'urorin awo a kowace tasha masu aika labari ta wayar gilashi zuwa kwamfuta, ta yadda mai tsaro zai ga halin kowane layi a allo, ya buɗe ko ya rufe daga kujerarsa. Namu bai game dukan tashoshi ba, har ya zama wani sashe na aikin da wayar tarho ake yinsa, alhali musibar da ake gudu tana gamawa kafin a ɗaga tarhon. Kada kuma mai karatu ya ɗauka mu kaɗai wannan jarrabawa take samu: ranar 28 ga Afrilu, 2025, ƙasashen Sifen da Fotugal, da dukan dukiyarsu da na'urorinsu, sun yini cikin duhu. Bambancin shi ne su abin tarihi ne a wurinsu, mu kuwa ya kusa zama al'ada.

Sai maganar waya, wadda a ganina ita ce aka fi jahilta. Lantarki in yana tafiya cikin waya, wani kaso nasa yakan zama zafi ya ɓace, kuma wannan hasara tana bin yawan abin da ke gudana ne ninki bisa ninki, har in aka rage gudanar sau 10, hasarar takan ragu sau 100. Hanyar rage gudanar ba tare da rage amfanin ba ita ce a ƙara ƙarfin turi, wanda ake aunawa da bolt, kuma aikin taransifoma ke nan. Saboda haka ake ɗaga wutar Shiroro zuwa bolt 330,000 kafin ta hau dogayen turakun ƙarfen nan da matafiyi yake hange a daji, a sauko da ita 132,000 a layin da ya biyo ta Minna zuwa tashar Suleja, a can a mai da ita 33,000, sa'an nan 11,000, kafin taransifomar unguwa ta sauke ta zuwa 230 ɗin da ke shiga ɗaki. Kowane mataki yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma ko da madatsun nan huɗu sun cika sun batse, abin da zai iso Suleja ba zai wuce abin da mafi ƙanƙantar mataki ya yarda ba. Ban da haka, wutar madatsun ba ta Jihar Neja ba ce a shari'ance. Tana shiga layin ƙasa ne, wanda kamfanin TCN yake riƙe da shi, a raba wa kamfanonin rarrabawa goma sha ɗaya da aka sayar wa 'yan kasuwa tun daga watan Nuwamba na 2013, kuma rabon Suleja yana fitowa daga kason kamfanin AEDC, wanda aka ba Abuja da Neja da Kogi da Nasarawa.

Raunin layinmu ya bayyana ƙarara a watan Oktoba na 2024, sa'ad da aka lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna a dajin da 'yan bindiga suka hana ma'aikata shiga, sa'an nan layin da ke hawowa daga Inugu ta Makurɗi, wanda aka jingina da shi, shi ma ya faɗi, jihohin arewa da yawa suka kwana fiye da mako ba wuta. Darasin da injiniyoyi suka daɗe suna nanatawa shi ne a gina layi zobe, kowane gari ya sami hanya biyu ko uku, don in an yanke ɗaya wuta ta zagayo ta wata. A duniya kuwa bincike ya wuce nan nesa: ƙasar Sin tana da layi guda na miƙaƙƙen lantarki mai bolt 1,100,000, tsawonsa ya haura kilomita 3,000, yana iya ɗaukar megawat 12,000, watau ninki biyu na abin da Nijeriya duka ta taɓa turawa. Mu dai yarjejeniyar da aka ƙulla da kamfanin Siemens na Jamus a 2019 don sabunta tashoshi da taransifomomi tana tafiya, amma tafiyar ta yi nesa da jadawalin da aka sanar da farko.

Ita Suleja tana da tata lalurar ta musamman. Garin da Abu Ja ya kafa a 1828, wanda har zamanin Sarki Sulaimanu Barau bai wuce garin sarauta da noma da ginin tukwane ba, ya wayi gari ya zama makwancin dubban ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda hayar Abuja ta fi ƙarfinsu, suna sammako su tafi, su komo da almuru. Unguwanni sun tsiro cikin gaggawa, an ja waya bisa waya, taransifomar da aka kafa don gidaje kaɗan ta koma ɗaukar ninkinsu, kuma da yake jama'ar duk lokaci guda suke komowa, su kunna fanka da talabijin da dutsen guga da abin dafa ruwa, nauyin yakan taru tsakanin magariba da bayan lisha, lokacin da man da ke cikin taransifoma yake tafasa har ta ƙone. A kan haka ne ake yin karɓa-karɓa, a ba wannan layi yau, a ba wancan gobe. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta kasa layuka aji biyar, daga ajin A mai alkawarin awa 20 a yini har ajin E mai awa 4, kuma a watan Afrilu na 2024 ta ɗaga farashin ajin A daga naira 60 da 'yan kai zuwa naira 225 kowane yunit, kafin a ɗan sassauta. Hujjarta ita ce mai samun wuta da yawa ya biya cikakken kuɗinta. Illarta kuwa, wadda talaka ya hango tun ranar farko, ita ce kamfani ya fi samun riba in ya karkata ɗan abin da ke akwai zuwa layin da ya fi tsada.

Wannan ya kawo mu ga awo. Malaman fiƙihu sun shar'anta cewa ciniki ba ya inganta sai an san abin sayarwa, an san adadinsa da farashinsa, kuma sun ƙyamaci cinikin da aka jahilci gwargwadonsa saboda husumar da yake haifarwa. Ga shi kuwa kusan rabin masu shan wuta a Nijeriya ba su da mita, bil ɗin ƙiyasi ake kawo musu, su kuma waɗansu su rama da ha'inci, su zagaye mita ko su rataya waya da dare, kowane ɓangare yana kafa hujja da zaluncin ɗayan. Mitar kati, wadda ake saya wa wuta kafin a sha, ta warware rabin wannan rigima, kuma hikimar da ke cikinta ta cancanci a bayyana. A Afirka ta Kudu aka tsara ƙa'idarta a farkon shekarun 1990. Lambobi 20 ɗin nan da mutum yake dannawa saƙo ne a kulle, wanda mitarsa kaɗai take da mabuɗinsa, kuma cikinsa akwai adadin yunit da kuma mintin da aka sayar, ana ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu, 1993, domin kada a yi amfani da lamba ɗaya sau biyu. Gurbin da aka tanada wa wannan ƙirga ya cika ranar 24 ga Nuwamba, 2024, abin da ya sa aka yi ta shela a rediyo cewa kowa ya karɓi lambobi na musamman ya sabunta mitarsa. Mitocin da ake ƙerawa yanzu sun ƙara wani mataki, suna magana da ofis ta layin salula, suna faɗin awa nawa wuta ta zauna da ko an taɓa su. In aka sa irinsu a kan kowace taransifoma, mai ajin A zai sami shaidar da zai nemi hakkinsa da ita, kamfani kuma ya san titin da wutarsa take zurarewa.

Saura mas'ala ta uku, wadda ita ce mafi girma, watau tanadi. Tun da lantarki ba ya ajiyuwa a waya, sai a ajiye abin da ke haifar da shi, kuma mafi daɗewar ma'aji shi ne tafkin madatsa kansa. A nan Allah ya yi wa Jihar Neja baiwa biyu. Ta farko, madatsun a jere suke, ruwan da ya juya injin Kainji shi ne zai gangara ya juya na Jebba, wanda ya fito daga Shiroro kuma ya sake aiki a Zungeru. Ta biyu, Kogin Neja cika biyu yake yi a shekara: akwai farar ambaliya ta ruwan damunarmu, daga wajen Agusta zuwa Oktoba, akwai kuma baƙar ambaliya, ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, sa'an nan ya iso Kainji a tsakiyar rani. Kogin Kaduna ba shi da wannan gata, don haka Shiroro takan yi tsimi da ruwanta a bazara, daidai lokacin da zafi ya sa kowa yake neman fanka. Dabarar da masana suka fito da ita ita ce a aurar da madatsa da hasken rana: a shimfiɗa farantan sola a gefen tafki ko a bisa ruwan kansa, da rana su ɗauki kaya a rufe wasu bututu, da dare a saki ruwan da aka tsimi, duka ta waya ɗaya da tasha ɗaya da aka riga aka gina. Maƙwabtanmu na Gana sun aikata haka a madatsar Bui, inda suka kafa gonar sola ta megawat 50 a tudu, da wata ta megawat 5 tana yawo a kan ruwa, wadda ruwan yake sanyaya ta, ita kuma take rage masa tsotsar rana. Ban ga abin da ya fi dacewa da Shiroro da Zungeru kamar wannan ba.

Shi kansa farantin sola ya daɗe, arharsa ce sabuwa. A 1954 masu bincike na ɗakin gwajin Bell a Amurka suka ƙera ƙwayar farko mai amfani daga silikon, sinadarin da ake tacewa daga yashi, tana mai da kashi 6 cikin 100 na hasken da ya sauka mata zuwa lantarki, da tsadar da sai tauraron ɗan'adam ake iya sa wa. Farantan da ake sayarwa yau sun haura kashi 20, farashinsu kuma ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, saboda manyan masana'antun ƙasar Sin. A ɗakunan gwaji kuwa, inda ake ɗora wani siririn sinadari mai suna ferobsikait bisa silikon, an wuce kashi 33, ko da yake har yanzu ana fama da yadda zai jure shekaru a rana. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafi ya juya wa janareto baya, kuma duk mai bin hanyar Suleja zuwa Madalla yana ganin shaida a kan rufin shaguna da masallatai da rijiyoyin burtsatse. Amma farantin da aka gwada a Turai ba lalle ya ba da abin da aka rubuta a bayansa a nan ba, domin awon masana'anta a ma'aunin zafi 25 ake yinsa, kuma kowane digo guda da farantin ya ƙara zafi yana rage masa wajen kashi 0.4 cikin 100, alhali a rufin kwano cikin watan Maris farantin yakan yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Ga ƙurar hunturu da ke lulluɓe gilashin, ga hadarin Agusta da ke rufe rana kwana da kwanaki. Irin waɗannan tambayoyi, na wane kwana za a jingina faranti, da sau nawa za a wanke shi, da wane iri ya fi jure zafi, namu ne, ba wanda zai amsa mana su daga waje, kuma don su aka kafa wurare kamar Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da sassan injiniya na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna.

Rana tana faɗuwa daidai lokacin da Suleja take fara neman wuta, don haka faranti ba batir rabin magani ne. Tsohon batir na darma da ruwan asid, irin na mota, ba ya son a zuƙe fiye da rabinsa, kuma a zafin ƙasarmu 'yan shekaru kaɗan yake yi ya mutu. Batir na litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, aka kuma ba masana uku, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel saboda shi a 2019, ya sauya al'amarin, musamman nau'in da ake haɗawa da ƙarfe da fosfet, wanda yake jure caji da saukewa sau dubbai, kuma bai cika kamawa da wuta ba. Fa'idarsa ba ta tsaya a gida ba. A 2017 aka kafa wani ƙaton batir mai megawat 100 a Hornsdale ta Ostareliya, aka ga yana tarar gocewar mizani cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, tun kafin injin ruwa ko na gas ya motsa. Watau cutar nan ta durƙushewar layi, wadda muka fara da ita, ta sami wani sabon magani. Abin lura kuma shi ne, dutsen litiyam ɗin yana nan kusa da mu, ana haƙarsa a Jihar Nasarawa, har an buɗe masana'antar tace shi a can a 2024, sai dai a fitar da shi da arha, a komo mana da shi cikin akwati da tsada.

Idan aka haɗa faranti da batir da mita mai magana, sai a sami abin da ake kira ƙaramin layi, watau tashar da ke ciyar da gari guda ko kasuwa guda. Jihar Neja na cikin wuraren da aka fara gwada shi: a watan Disamba na 2019 aka buɗe na ƙauyen Rokota a Ƙaramar Hukumar Edati, mai kilowat 64 na sola da batir mai ɗaukar yunit 360, shi ne na farko ƙarƙashin shirin hukumar lantarkin karkara ta REA da Bankin Duniya. Wannan na ƙauyen da waya ba ta taɓa zuwa ba ne. Wanda ya dace da Suleja shi ne ɗaya nau'in, wanda ake jonawa da layin ƙasa, ɗan kasuwa ya karɓi hayar wayoyin unguwa daga kamfanin rarrabawa, ya sayi wutar ƙasa sa'ad da take akwai, ya cike giɓin da sola da batir sa'ad da aka ɗauke, kamar yadda aka yi a Kasuwar Wuse ta Abuja da garin Toto na Nasarawa. Gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 da Dokar Lantarki ta watan Yunin 2023 sun ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, Jihar Neja kuma ta kafa tata hukumar, saboda haka izinin irin wannan aiki a Kasuwar IBB ta Suleja ko layin masu walda yanzu a Minna za a neme shi. Yunit ɗinsa ya fi na layin ƙasa tsada, amma mai shagon da ya lissafa abin da yake zuba wa janareto a wata, da kuɗin gyara, da hayaƙin da yake shaƙa, ya san da wane farashi ya kamata ya gwada.

Akwai abin da ke damuna cikin wannan yayi, shi ne ƙarancin masu sani. Kasuwa ta cika da farantan da aka rubuta musu ƙarfin da ba su da shi, da batiran litiyam da aka harhaɗa daga tsofaffin ƙwayoyi, kuma da yawa daga masu kafawa ba su auna bukatar gida kafin su yanka farashi, sai su sa siririyar waya inda ake son mai kauri, su bar gida ba fiyus ba wayar ƙasa, alhali miƙaƙƙen lantarkin faranti in ya yi tartsatsi ba ya mutuwa da sauƙi. Matattun batiran darma kuma suna ƙarewa hannun 'yan gwangwan, ana fasa su a tsakar unguwa a zubar da ruwan, ga mu kuwa a jihar da gubar darma ta hallaka yara a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Rafi a 2015, ko da yake waccan daga haƙar zinariya ta fito. Cibiyar horar da ma'aikatan lantarki ta ƙasa, NAPTIN, tana da reshe a Kainji, kuma abin da ya kamata sabuwar hukumar jiha ta fara da shi shi ne ta wajabta wa duk mai kafa sola takardar shaidar horo, ta kuma ɗora wa dillalin da ya sayar da batir alhakin karɓar mataccensa.